Kufai a Kan Dutse: Yadda Wani Ƙauye a Gefen Abuja Ya Rasa Sulusin Ganuwarsa Ya Tsira da Sauran

Wannan bayani ne a kan wani ƙauye da ke ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, da kufan da ke kan dutsen bayansa, tun daga fara kwasar duwatsun kufan a ƙarshen 2020 har zuwa ƙarshen daminar 2025. An sakaya sunan ƙauyen da na mutanensa da gangan, domin tallata wurin ya taɓa jawo masa ɓarna.

Wurin da abin da ke kansa, kafin 2020

Ƙauyen yana gindin wani dutse mai faɗin kai. 'Yan asalin wurin Gbagyi ne, manoman doya da dawa da masara. Akwai unguwar Hausawa da ta kafu a bakin kasuwa tun zamanin kakanni, tana da Sarkin Hausawanta, akwai kuma rugar Fulani a bakin rafi ƙarƙashin wani Arɗo. Hausa ce ke haɗa su ciniki da sasanci, da ita kuma aka yi duk zaman da za a ambata a nan.

Duk wanda ya hau dutsen, abin da zai fara cin karo da shi ganuwa ce ta duwatsu da aka jera ba laka ba siminti. A wasu wurare ta kai ƙirjin babban mutum, a wasu kuma ta zube ta kwanta. Kewayenta kimanin mita 600 ne. A cikinta akwai da'irorin duwatsu iri biyu: manya na tushen ɗakuna, ƙanana kuma na ƙafafun rumbuna, waɗanda akan ɗora rumbu a kansu saboda gara da danshi. A kan falalen dutse akwai ramukan niƙa da suka yi sulɓi don tsabar aiki. Tsingaro kuwa ba ya ƙirguwa, ko'ina aka taka shi ne. Akwai tsofaffin kukoki, da ɗorawa da kaɗanya da suka yi girma bayan tashin mutane. Maƙabarta tana gefen gabas. A ƙasa, daf da gindin dutsen, akwai tudun kashin maƙera, baƙi mai nauyi, shaidar cewa an taɓa narka tama a wurin.

Dattawa sun ce tsoron hari ne ya zaunar da kakanninsu a sama, kuma tarihin yankin bai ƙaryata su ba. A farkon ƙarni na 19 mayaƙan jihadi suka fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ya yo kudu. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja. Daga nan har zuwan Turawa ƙasar Gbagyi ba ta huta da yaƙe-yaƙe ba, ga rikicin Abuja da Zariya, ga mahayan Kwantagora na gidan Nagwamatse da ke kamun bayi daga yamma. Mai dutse ya hau dutse. Da hari ya ƙare a zamanin mulkin mallaka, sai gona da ruwa da hanyar kasuwa suka riƙa janyo mutane ƙasa, gida bayan gida, har saman ya zama kufai.

Ba doka ce ta tsare kufan bayan haka ba. Ba a noma a ciki saboda kaburbura, kuma a da akan hau sau ɗaya a shekara a yi al'ada. Da yawancin mutanen suka zama Kirista ko Musulmi hawan ya tsaya, amma kwarjinin wurin bai tafi nan take ba. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, gari ya riƙa faɗaɗa, amma sai da aka shafe kusan shekara 30 kafin iskarsa ta kaɗo gindin wannan dutse.

Farkon ɓarna: ƙarshen 2020 zuwa ƙarshen 2021

An kulle Abuja saboda korona daga 30 ga Maris 2020. Da aka buɗe, mutanen da kuɗin haya ya koro daga cikin gari suka bazama ƙauyukan gefe neman fuloti mai sauƙi, wannan ƙauye ma ya samu rabonsa. Gini yana son dutsen tushe da tsakuwa, sayo su daga kamfanin fasa dutse kuwa akwai tsada saboda nisan hanya. Ga ganuwa a sama, duwatsunta a tsince, kowanne daidai ɗaukar mutum ɗaya, ba sai an sa nakiya ba.

Samari suka fara ta gefen kudu inda gangaren ya fi sauƙi. A ture dutse ya mirgino, a tara a gindi, tifa ta zo ta loda. Mata da yara suna fasa ƙananan su zama tsakuwa, suna sayarwa a baro. A ranin farko an kwashe kimanin mita 80.

Ashe ganuwar ba ta tsaro kaɗai ba ce, ita ke riƙe da ƙasar saman dutsen. Ruwan Agustan 2021 ya bi ta giɓin, ya yanka kwazazzabo mai zurfin ƙugu, ya zubo yashi da tsingaro a gonakin doya biyu. Ya zubo da ƙasusuwan mutane kuma. A nan ne maganar ta bar hannun samari ta isa ƙofar dagaci.

Ƙasusuwan da fasassun tukwanen sun jawo wata fitinar. Labari ya kai kasuwa cewa dutsen yana amayar da kayan mutanen da, kuma irin wannan labari yana da masu kasa kunne a wannan yanki. Tun 1928 aka fara tsintar mutum-mutumin yumɓu a ramukan kuza na Nok, wani ƙauye a kudancin Jihar Kaduna. Bernard Fagg, wanda ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, ya tona Taruga kusa da Abuja a shekarun 1960, ya samu irin waɗannan gumaka tare da matoyar ƙarfe da ta haura shekara 2,000. Duniya ta san darajar kayan Nok, ɓarayi ma sun sani. A shekarun 1990 an yi wa kufaifan Nok tonon rashin imani, har a 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa gumakan cikin jerin kayan Afirka da aka fi sacewa. Kafin ƙarshen 2021 wasu baƙi suka zo suka ɗauki samari aikin yini, aka shiga haƙa ramuka a cikin da'irorin ɗakuna. Ba su samu gunki ko ɗaya ba. Tukwanen da suka taras a binne sai su fasa don ganin abin da ke ciki.

Yunƙuri na farko: hani da tara, ranin 2022

Dagaci ya sa aka yi shela a kasuwa, aka maimaita a coci da masallaci, cewa kada wanda ya ƙara taɓa dutsen ganuwa ko ya yi tono a sama. Wanda aka kama zai biya tara.

Hanin ya yi aiki kamar mako uku. Tarar ba ta kai ribar tifa ɗaya ba, don haka ta zama haraji, a biya a ci gaba. Cikin masu lodin akwai jikokin 'yan majalisar dagacin kansa, babu kuma dattijon da zai kai jikansa ƙara. Aikin ya koma na asuba da na farin wata. Da aka gurfanar da wani saurayi, abin da ya faɗa ya tsaya wa mutane a rai: "Ranka ya daɗe, kakanninmu ne suka tara, mu jikokinsu muke ci. In an hana mu wannan, a nuna mana wani." Dagaci ya ce masa, "Yaro, ba don ciki suka tara ba." Amma bai nuna masa wani ba, domin babu shi a hannunsa.

Yunƙuri na biyu: takarda, allo da waya, daminar 2022 zuwa farkon 2023

Wani malamin firamare ɗan ƙauyen ya ba da shawarar a nemi hukuma. A takarda, doka tana bayan ƙauyen. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, ta hana tonon kayan tarihi sai da izini, ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda aka amince masa, ta hana fitar da su waje ba lasisi. Kayan hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 suna cikin abin da ta kira kayan tarihi.

Aka rubuta takardar koke, dagaci ya sa hannu, aka kai wani ofishi a cikin gari. An buga mata hatimin karɓa, ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Takardar shafi ɗaya ce. Ta ce ana lalata "tsohon garin kakanninmu", ba taswira, ba hoto, ba awo, ba lambobin da za su nuna inda wurin yake. Ko da ta faɗa hannun ma'aikaci mai niyyar aiki, da wuya ya san abin da zai rubuta wa na gaba da shi.

Da jira ya yi tsawo, ƙungiyar 'yan asalin ƙauyen mazauna birni ta yi karo-karo. Aka kafa allon ƙarfe a bakin titi mai cewa wannan wurin kayan tarihi ne, an hana shiga. Aka zagaye hanyoyin hawa uku da waya mai ƙaya.

Allon ya zama talla. Matafiyin da bai taɓa jin labarin dutsen ba yanzu ya karanta a bakin titi cewa akwai kaya a sama, ramuka suka ƙaru har suka haura 20. Wayar kuwa ta toshe hanyar da shanun ruga ke bi su hau kiwo da rani, ta kuma raba matan ƙauyen da ɗorawar da suke kaɗowa don kalwa da daddawa, da kaɗanyar da suke tsinta. Mutanen da ƙafarsu ba ta rabuwa da saman dutsen, waɗanda da su ne za su ga baƙo da diga, su aka kora. Arɗo ya aiko wa Sarkin Hausawa cewa tunda an mai da su ɓarayi, su ma sun rufe ido. Cikin wata biyu 'yan jari-bola suka kwashe wayar, daga baya allon ma ya bi ta.

Lamari ya ƙazanta: tsakiyar 2023

An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023. Kuɗin ɗauko kaya daga nesa ya yi tashin gwauron zabi, dutsen kusa ya ƙara daraja. Zuwa Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, masu gini suka koma neman duk abin da zai rage musu siminti, har da cika tushe da dutse. Lodin da ake yi a ɓoye ya dawo tsakar rana.

A daidai lokacin wani dillalin filaye ya kawo wakilan wani kamfani mai neman wurin ɗibar burji da fasa dutse. Safiyo ya zo ya kafa turaku, biyu daga ciki a gindin maƙabarta. Ƙauyen ya rabu biyu. Masu so suna hangen aikin yi da gyaran hanya. Masu ƙi suna maganar kaburbura da nakiya da tsagewar gidaje, suna kafa hujja da abin da ake gani a wajejen Mpape, unguwar Abuja mai kamfanonin fasa dutse.

Binciken ido: Janairu da Fabrairun 2024

Malamin firamaren yana da abokin karatu da ya zama malamin jami'a a fannin binciken kufai. Ya roƙe shi ya zo ya gani. Malamin jami'ar ya zo da ɗalibai biyu a tsakiyar rani, bayan gobarar daji ta cinye ciyawa, lokacin da ƙasa ke bayyana abin da ke kanta.

Mutane sun zaci zai sauke diga da shebur. Ya ce ba zai tona ko taki ɗaya ba, don ba shi da izini, kuma ko yana da shi ba tono ne maganin wannan matsala ba. "Tono kamar yanka ne," in ji shi, "ba a maimaita shi a kan dabba ɗaya." Abin da ya yi shi ne tafiya. Ya sa dattawa biyu a gaba, suka bi ganuwar taku-taku, ɗalibai suna ɗaukar lambobin wuri da wayar hannu, suna awo da igiya, suna hoto, suna zana kowace da'ira da kowane ramin niƙa da kowane ramin ɓarayi. Dattawan suna faɗin inda ƙofa take, da unguwar wace zuri'a ce nan, da inda ake ɗibar ruwa. A nan aka samu lissafin farko na gaskiya: kimanin mita 200 na ganuwar sun tafi, sulusinta ke nan.

Ramukan ɓarayi da bakin kwazazzabo sun yi masa wani amfani, domin sun yanka ƙasa sun bar bango da za a iya karantawa. A hawa na sama, kusa da doron ƙasa, akwai gutsattsarin lofe na yumɓu, wato tukunyar shan taba, da tsingaro mai adon totuwar masara, wato an mirgina totuwa a jikin ɗanyar tukunya kafin gashi. Taba da masara duk daga nahiyar Amurka suka zo. Masara ba ta shigo Afirka ba sai bayan 1500, taba kuwa wajen 1600 ta bazu a Afirka ta Yamma. Saboda haka hawan da ke ɗauke da lofe ba zai girmi ƙarni na 17 ba. A ƙarƙashinsa akwai wani hawa mai kauri, toka da gawayi da ƙashin dabbobi, tsingaronsa mai kauri ne da adon murɗaɗɗiyar igiya, babu lofe, babu totuwa. Malamin ya yi taka-tsantsan: rashin lofe alama ce, ba hujja ba ce yankakkiya. Amma alamar tana nuna cewa an zauna a kan dutsen kafin zuwan taba, wato tun kafin yaƙe-yaƙen da dattawa ke tunawa da ɗaruruwan shekaru. Wanda zai yanke magana shi ne gwajin gawayi da ake yi a ɗakin bincike don gano shekarunsa. Ya gargaɗe su cewa gawayin da ɓarawo ya tono ya watsar ba shi da amfani, don ba a san daga wane hawa ya fito ba. Babbar asarar da ramukan suka jawo ke nan, ta fi ta tukwanen da aka fasa.

Ya kawo musu misalan da suka sani da waɗanda ba su sani ba. Turunku, inda ake danganta Bakwa Turunku da asalin sarautar Zazzau, kufai ne a gindin duwatsu. Surame, birnin Kanta na Kabi na ƙarni na 16, an tashi daga cikinsa a farkon ƙarni na 18, ganuwarsa ta dutse tana nan a Jihar Sakkwato. Kufan Kanawa a ƙasar Nijar, wanda ake cewa daga can wasu Kanawa suka taso, an tona shi an samu zamansa ya faɗo tsakanin ƙarni na 14 da na 17. Sannan ya ambaci Ingila, inda aka ƙididdige kufaifan ƙauyuka kusan 3,000 na tsakiyar zamani. Wanda ya fi shahara, Wharram Percy a arewacin ƙasar, masu ƙasa ne suka tashi iyalansa na ƙarshe wajen 1500 don su mai da gonakin makiyayar tumaki, aka kuma yi ta bincikensa daga 1950 zuwa 1990. Abin da ya sa har yau ake ganin shatin gidajensa shi ne wurin ya daɗe a matsayin makiyaya. Dabba tana cin ciyawa ta bar ƙasa yadda take, garma ce ke juya ta. Arɗo yana wurin lokacin da aka faɗi haka, ya kuwa gyara zama.

Ranar kasuwa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar dagaci, aka baza samfurin tsingaro da lofe da kashin maƙera. Malamin ya faɗa wa samari ƙarara cewa wannan ba kufan Nok ba ne, tsakaninsa da zamanin Nok akwai fiye da shekara 1,000, kuma babu abin da dillalin gumaka zai saya a cikinsa. Wanda ya ba su aikin tono ya ɓata musu ƙarfi ne kawai. Wata tsohuwa maginiyar tukwane ta ɗauki wani tsingaro ta juya shi, ta ce, "Ɗana, wannan ai bakin tulun giya ne, haka kakata ke naɗe shi." Ya ce, "Mama, to ki faɗa wa ɗalibaina sauran, su rubuta." Ta zauna ta rarrabe musu na girki da na ruwa da na ajiyar hatsi. A ƙasar da ta haifi shahararriyar maginiyar tukwane Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, ba abin mamaki ba ne mace ta fi malamin jami'a sanin bakin tukunya.

Yarjejeniya: Afrilun 2024

Kafin saukar ruwa aka yi zama uku a ƙofar dagaci, da Sarkin Hausawa da Arɗo da shugabar mata da shugaban samari da wakilin direbobin tifa. Taswirar tana shimfiɗe a tsakiya, kowa yana nuna wuri da yatsa.

Aka raba dutsen. Cikin ganuwa da maƙabarta ba tono, ba noma, ba ɗaukar dutse. Gefen yamma, inda binciken bai ga alamar zama ba sai tarin duwatsun da Allah ya zuba, aka bar wa samari da mata masu tsakuwa. Dutsen can ya fi wuyar fasawa, sai ƙungiyar mazauna birni, maimakon sabuwar waya, ta sayi manyan gudumomi da baro ta kuma share hanyar da tifa za ta shiga. Direbobi suka yarda ba za su loda dutsen ganuwa ba. Gane shi ba wuya, don fuskarsa ɗaya baƙa ce da gansakuka, kuma girmansa kusan ɗaya ne. Direban da ya loda, ƙungiyarsu ce za ta dakatar da shi daga layi, ba dagaci ba.

Aka mayar wa mata ɗorawa da kaɗanyar cikin ganuwa, unguwa-unguwa bisa yadda dattawa suka nuna mazaunin kowace zuri'a. Aka buɗe wa shanu hanyarsu da rani, da sharaɗin ba za a kafa ruga ko a kwana da garke a ciki ba, kuma duk makiyayin da ya ga baƙo da kayan tono zai sanar. Ba a sake kafa allo ba. Iyakar wurin da aduruku aka shata ta, wanda ba mai sha'awar sata. Kwazazzabon aka datse shi da jerin duwatsu daga gefen yamma, aka dasa jema a bakinsa. Ramukan ɓarayi aka cike su bayan an ɗauki hotonsu. Ƙasusuwan da ruwa ya zubo aka mayar maƙabarta, fasto da liman da dattawan gargajiya duk suna tsaye.

Game da kamfanin, aka sake rubuta koke, wannan karon da taswira da lambobin wuri da hotunan kaburbura da rahoton malamin mai shafi kaɗan. Aka ambaci dokar 1992 da ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Kofi ɗaya aka kai ofis, ɗaya aka miƙa wa kamfanin hannu da hannu. Bayan makonni kamfanin ya cire turakunsa biyu na gindin maƙabarta ya matsa arewa. Bai ba da dalili a rubuce ba. Wakilinsa dai ya faɗa wa dillalin cewa ba su zo sayen rigimar kabari ba.

Halin da ake ciki: Oktoban 2025

Bayan damina biyu ɗaliban sun koma da taswirar suka sake bin ganuwar. Abin da ya ragu a kan lissafin Fabrairun 2024 bai kai mita 10 ba, kuma yawancinsa a dare ɗaya ya tafi, lokacin da wani direba daga wani gari ya yi lodi. Wani yaro makiyayi ne ya ba da labari da safe. Ba a ga sabon ramin tono ba. Kwazazzabon bai ƙara tsawo ba, jema ta kama.

Tudun kashin maƙera ya tafi. Yana wajen iyakar da aka shata, a gefen da kamfanin ya koma, katafila ta kwashe shi ta cike ramukan hanya da shi a yini ɗaya. Shi ne wurin da ya fi dacewa a samu gawayin da zai faɗi shekarun narkar da tama a ƙauyen. Mita 200 na ganuwa suna ƙarƙashin gidajen mutane. Matan tsakuwa suna ƙorafin cewa dutsen yamma yana cin ƙarfi, abin da suke samu ya ragu. Har yanzu ba a sa kufan cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa ba.

Abin da ya sa wani ya faɗi, wani ya tsaya

Hani da tara sun faɗi ne don sun taɓa abincin mutane ba tare da sun ba su madadi ba, kuma an ɗora aiwatar da su a kan dattawan da jikokinsu ne masu laifin. Waya da allo sun fi muni. Masu karo-karon sun yi da kyakkyawar niyya, amma sun kwaikwayi tsaron gidan birni, inda mai gadi ke zaune a bakin ƙofa. A daji waya ba ta tsare komai, ido ke tsarewa, idon kuwa na mai kaɗar ɗorawa ne da mai kiwo, waɗanda wayar ta kora.

A ganina abu mafi arha cikin duk abin da aka yi shi ya fi tasiri, wato taswirar. Kafin ta, kowa yana magana a kan "dutse" gaba ɗaya, masu so da masu ƙi, ba a iya raba inda za a bari da inda za a ci. Da aka auna, sai ga shi wurin da ke buƙatar kariya bai kai rabin dutsen ba, aka samu abin ba samari. Ita ce kuma ta mai da koken ƙauyen abin da kamfani zai lissafa a matsayin asara. Ban ɗauka kamfanin ya matsa don ƙaunar tarihi ba. Ya auna ne ya ga matsawa ta fi sauƙi. Maganar da malamin ya yi a bainar jama'a cewa babu abin sayarwa a sama ita ta kashe tono, abin da barazanar tara ba ta yi ba. Sai dai wannan magani na wannan kufai ne kawai. Da a ce gumakan Nok ne a ƙasan, da gaskiyar ba ta taimaka ba.

Asarar tudun kashin maƙera laifin yarjejeniyar ce kanta. An shata iyaka bisa abin da ke da daraja a idon mutanen gari, ganuwa da kabari, aka bar abin da ke kama da shara. Malamin ya sa tudun a taswira, amma ba wanda ya tsaya masa a zaman, don ba shi da zuri'ar da ke kiransa nata.

Rauni mafi girma yana nan bai warke ba. Dokar 1976 ta damƙa dukkan ƙasar Babban Birnin Tarayya a hannun Gwamnatin Tarayya, saboda haka yarjejeniyar ƙofar dagaci tana ɗaure waɗanda suka zauna ne kawai. Ranar da aka yanka wannan yanki aka ba wani da takardar mallaka daga birni, ba aduruku ba Arɗo da zai tsayar da katafila. Malamin firamaren da abokinsa sun haɗa takardun neman a ayyana kufan a matsayin wurin tarihi, tare da neman izinin tona rami ɗaya na gwaji, mita biyu a kan mita biyu, a gefen arewa inda ɓarayi ba su taɓa ba, domin a samu gawayin da za a aika gwaji. Sun tsara yin aikin da rani, bayan an ƙone ciyawa, in izini ya fito.